Abin da Aka Yi Mini a Alƙahira

Litinin, 2 ga Maris 2009, bayan La'asar. Alƙahira.

Gobe da safe za a shiga da ni ɗakin tiyata. Ƙanena Ubaidullah ya fita neman abinci, ba ya son ci a gabana tunda an hana ni komai sai ruwa. Shi ya san ƙasar nan saboda saron yadi da yake zuwa, shi ya haɗa ni da likitan. Ɗazu likitan ya zana mini tumbi a takarda, ya ja layi ya nuna abin da za su yanke su fitar. Abin da zai saura, in ji shi, bai wuce girman ayaba ba. Na tambaye shi ko ana mayarwa in mutum ya sake shawara. Ya ce ba a mayarwa.

Shekarata arba'in da takwas. Ga suga, ga hawan jini, ga numfashin da ke ɗauke mini cikin barci har sai matata Baraka ta girgiza ni. Bara wani likita a Gusau ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in na ci gaba da wannan ƙiba da wuya in aurar da sauran yaran.

A Gummi kowa ya san gyaran gwiwa na zo. Haka na faɗa a ofishin ilimi inda nake aiki, haka na faɗa a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Daga Ubaidullah sai Baraka suka san gaskiya, ita kuma na sa ta yi mini alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, har yara. Tun ina saurayi Giwa ake kirana. Ba zan iya jurewa a ce Ɗahiru Giwa ya kasa kame bakinsa har sai da Larabawa suka yanke masa tumbi ba. Na san mutanen majalisarmu. Har a kai ni kabari da wannan za a riƙa tuna ni.

Laraba, 4 ga Maris, hantsi.

An yi. Ina da rai. Ƙishirwa.

Alhamis, 5 ga Maris, bayan Azahar.

Huji biyar ne ƙanana a cikina, an rufe su da filasta. Sun matsa sai na tashi na taka a baranda, ina jan sandar ƙarin ruwa, Ubaidullah na tallafe da ni. Ruwan da suke ba ni bai fi cikin murfin kwalba ba, in na kurɓa sai in jira. Likita ya kafa ƙa'ida, Ubaidullah ya fassara: mako biyu abu mai ruwa-ruwa, sannan abin da aka dama ya yi laushi. Tuwo da nama sai an kwana biyu sosai, shi ma loma kaɗan, a tauna har ta narke. Ya maimaita cewa in na matsa wa ɗinkin zan iya rasa raina.

Asabar, 14 ga Maris, bayan Magariba. Gummi.

Gida. Tun rana 'yan sannu da zuwa ke shigowa, kowa da kwanonsa, tuwon shinkafa, farfesun kaza, kifin gulbi. Duk abin da suka san ina so. Suna tambayar gwiwa, ina shafa ta ina cewa alhamdulillahi. Wani ya ce bai ga bandeji ba, na ce aikin zamani ne.

Bayan sun watse Baraka ta tace mini romo a kofi. Ɗiyata Zulai, wadda aka sa ranar aurenta da Naziru ɗan Alhaji Dabo na Anka cikin watan Mayu, ta tsaya tana kallon kwanukan da ban taɓa ba. Na ce mata magani ne ya hana ni ci.

Laraba, 18 ga Maris, da rana.

Ba yunwa nake ji ba. Ban san sunan abin da nake ji ba. Ƙamshin daddawa ya shigo ɗaki, na tashi na rufe ƙofa, na kuma koma na buɗe.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan sauka daga masallaci.

Na fara shan kunun gyaɗa marar kauri. In na yi gaggawa sai ya tsaya mini a ƙirji kamar dutse, sai amai. Yau sau biyu.

Akwai abin godiya. Suga ya sauka yadda bai taɓa sauka ba, likitan ya ce ta waya a rage magani. Baraka ta ce kwana nawa ke nan ba ta tashe ni don numfashi ba. Ta faɗa tana murmushi, tana rage mini tazugen wando.

Litinin, 6 ga Afrilu, bayan La'asar.

Na koma ofis. Abdullahi, wanda muke zama ɗaki ɗaya shekara da shekaru, ya aika aka sayo masa da miya kamar kullum, ya turo mini faranti. Na ce na ƙoshi. Ya daɗe yana kallon wuyana. Fatar ta saki, na gani da kaina a madubi. Don kada ya yi wani tunani na gutsuri gefen masa ɗaya na ci. Kafin tashi sai da na zaga bayan ofis na amayar. Da na ɗago akwai mutum biyu tsaye a inuwar dalbejiya, suka kau da kai.

Alhamis, 9 ga Afrilu, bayan Magariba.

A majalisa kofin shayi ɗaya ke zagawa tun da na san wurin. Yau an zuba mini nawa a wani kofi dabam, sabo. Na ce wa kaina girmamawa ce ga mai jinya.

Da safe na je wurin wanzamina, ya ce askarsa ba ta da kaifi, in dawo wani lokaci. Ina barin wurin wani ya zauna a kan tabarmar.

Lahadi, 12 ga Afrilu, bayan La'asar.

Baraka ta dawo daga suna a gidan wata ƙawarta nan cikin gari, da wuri fiye da yadda ta saba. Ta shiga ɗaki ba ta cire mayafi ba. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya. Na sake tambaya. Ta ce an zuba wa mata abinci a tire ɗaya, ita aka kawo mata nata a faranti. Ta ce wannan bai dame ta ba.

"Jinjirin ne, Malam. Kowa ya ɗauka. Da ya zo kaina sai uwar ta ce barci shikai, ta karɓe shi."

Na ce halin mutane ne, ta ƙyale su. Ta ce in sake ta daga alkawarin da na sa ta yi. Na ce ta yi haƙuri a gama bikin Zulai tukuna. Ta tashi ta je ta dama mini kunu.

Talata, 14 ga Afrilu, da safe.

Ubaidullah ya bugo daga Kano. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, ka san abin da ake faɗi a Gummi? Cewa ake ƙanjamau gare ka, wai maganinsa ka tafi nema Masar. Har nan aka bugo aka tambaye ni."

Ya ce in ban faɗa ba shi zai faɗa. Na tuna masa cewa ni ne babba. Ya ce to.

Na rubuta kalmar sau ɗaya, ba zan sake rubuta ta ba.

Laraba, 15 ga Afrilu, bayan Azahar.

In na fito yanzu na ce tumbi aka rage mini, wa zai yarda? Za a ce na ga an gano ni ne na ƙirƙiro wata. Wa ya taɓa jin an yi wa mutum haka a ƙasar nan? Kuma da bakina na ce wa Alhaji Dabo gwiwa ce, ranar da ya bugo yi mini sannu.

Zai wuce. In na fara cin abinci zai wuce.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan La'asar.

Gobe ne za a kawo lefe daga Anka. Ɗazu saƙo ya zo cewa an ɗaga, ba a faɗi zuwa yaushe ba, ba a faɗi dalili ba. Mata sun riga sun soya cincin, an share tsakar gida. Zulai ba ta fito daga ɗaki ba tun rana. Baraka ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa an samu uzuri.

Asabar, 18 ga Afrilu, bayan Magariba.

Gobe zan tafi Anka. In Alhaji Dabo ya gan ni da idonsa, ya ga na zo da ƙafata, zance ya ƙare. Na gwada babbar riga da riga biyu a ƙarƙashi, ba laifi, kafaɗun sun cika. Baraka ta shigo ta same ni gaban madubi. Ta ce kada in ci komai a can. Na ce na ji.

Alhamis, 23 ga Afrilu, hantsi. Asibiti, Gusau.

Sai yau na iya riƙe alƙalami.

Na shiga motar haya ranar Lahadi da sassafe. Zafi ya yi yawa, ga riguna uku, kafin mu wuce Bukkuyum na jiƙe sharkaf. Alhaji Dabo ya karɓe ni a zaurensa, shi da ƙanensa Musa. Mun gaisa, amma hannu bai daɗe cikin hannu ba. Muka yi zancen zafi, zancen samarin da ke barin gona suna tafiya haƙar zinariya wajen Abare, zancen komai ban da lefe. Sai aka shigo da abinci, tuwon shinkafa da miyar taushe da gasasshen naman rago. Nawa kwanon dabam. Alhaji ya ce ai an san Giwa da ci, yau sai ya ga ko Masar ta bar masa wani abu. Da dariya ya faɗa, amma shi da Musa ba su fara ci ba, ni suke kallo.

Na wanke hannu na ci. Loma ta uku na ji ƙirjina ya toshe. Na ci gaba. Na ɗauki nama na tauna na haɗiye, na ƙara. Ina jin muryar likitan nan a kunnena, ina kuma ganin ƙofar ɗakin Zulai a rufe. Sai da na ci rabin malmala. Alhaji ya fara sakin fuska, har ya ce wa Musa ka gani ko.

Na ce zan zaga. Ban kai bayan gida ba. A jikin katanga na durƙusa, amai ya zo da ƙarfin da ban taɓa ji ba, ya zo ya sake zuwa, daga baya jini. Naziru ne ya fara isowa. Ya rungumo ni ta baya ya ɗaga, jinin ya ɓata masa gaban riga. Na ji Alhaji daga bakin zaure yana ce masa ya sake ni, kada ya taɓa jinin. Yaron bai saki ba. Shi ya sa ni a motar gidansu ya kai ni asibitin Anka, daga nan aka ce a wuce Gusau.

A nan likita ya sa aka cire mini rigunan ɗaya bayan ɗaya, a gaban Naziru. Ya ga tabon huji biyar ya tambayi aikin me aka yi mini. Allah ya sani, ko a lokacin cewa na yi gwiwa. Likitan ya ce shi bai taɓa ganin gwiwa a ciki ba, kuma in ban faɗa masa ba bai san ta inda zai fara ba. Na rufe ido. Naziru ya buga wa Zulai waya, Zulai ta miƙa wa uwarta, shi kuma ya ba likita wayar. Ɗakin shiru, ina jin muryar Baraka tana fitowa. Ta faɗi komai, ranar aikin, abin da aka yanke, abin da aka hana ni ci. Ba ta yi kuka ba.

Ɗinkin bai buɗe ba, in ji likita, amma ƙarfin aman ya yage wani wuri a sama da shi. An yi mini ƙarin jini. Ya ce na yi sa'a, ya kuma ce wasu abubuwa da na cancanta.

Juma'a, 24 ga Afrilu, bayan Azahar.

An koma ruwa, kurɓa ɗaya a jira. Daga farko ke nan.

Baraka na nan tun daren Lahadi. Tana ba ni ruwa a kan lokaci, tana gyara mini matashi, tana amsa gaisuwar nas. Ni ba ta yi mini magana sai ta dole.

Asabar, 25 ga Afrilu, bayan La'asar.

Likita ya tambaya ko na yarda a gwada jinina don wancan ciwon, tunda ya ji abin da ake faɗi. Na yarda. Babu komai. Na san babu, amma sai da gabana ya faɗi kafin ya buɗe baki.

Zulai ta zo da Ubaidullah. Da shi da Baraka suka fita sallah ta zauna a ƙasa kusa da gado, kanta a sunkuye. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ka gwammace a ce Inna na ɗauke da wannan ciwo da a ce an rage maka ciki?"

Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Yau ma ba ta ɗaga ba.

Laraba, 29 ga Afrilu, bayan Magariba. Gummi.

An sallame mu jiya. Yau Musa ya zo daga Anka. Ya yi mini ya jiki, ya ce Naziru ya faɗa musu duk abin da ya gani ya kuma ji, kuma yaron ya kafe ba ya fasa auren. Amma Alhaji ya ce wanda ya dube shi ya ce gwiwa, zai iya duban likita ya roƙe shi wata maganar. Abin da yake so, ni da Baraka mu sake yin gwaji a asibitin da shi ya zaɓa, Musa na tsaye.

Raina ya ɓaci. Na fara cewa ɗiyata ba ta rasa manema ba. Daga bayan labule Baraka ta ce ita za ta je. Musa ya sunkuyar da kai, ya yi sallama ya fita.

Da ya tafi ta ce mini za ta miƙa hannu a ɗebi jininta a gaban surukai, tunda abin ya kai haka. Amma kafin nan sai na je majalisa na faɗa da bakina. Ta ce ita ta gaji da faɗa a madadina.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da rana.

Ban fita ba.

Juma'a, 1 ga Mayu, bayan Magariba.

Na je bayan La'asar, lokacin da aka fi cika. Abdullahi na nan, wanzamina ma na nan. Ban zauna ba. Na ce musu ba gwiwa na je gyarawa ba, ƙarya na yi musu. Na faɗi abin da likitan Gusau ya ce mini bara, da abin da aka yi mini a Alƙahira. Na ɗaga riga suka ga tabon da fatar da ta zubo. Na ce matata lafiyarta ƙalau, ni ma haka, wanda ke shakka ya je Gusau ya tambaya.

Can wani ya tambaya, da gaske yake, ko an ba ni abin da aka yanke na taho da shi. Dariya ta tashi. Kafin in bar wurin an raɗa mini suna, Giwa mai cikin tsuntsu. Abin da na guda tun farko ke nan. Ya yi zafi, ba zan ce bai yi ba. Amma na dawo gida da ƙafata, ƙasa ba ta tsage ba.

Abdullahi ya rako ni har ƙofa, yana ta ba ni haƙuri. Wasu ba su yi dariya ba, ba su kuma yarda ba. Na gani a fuskarsu.

Talata, 5 ga Mayu, bayan La'asar.

An yi gwajin. Musa ya kasa kallon Baraka lokacin da ake ɗiban jininta. Babu komai, mu duka biyun.

Asabar, 9 ga Mayu.

Lefe ya zo. An yi ruwan farko da yamma.

Lahadi, 24 ga Mayu, hantsi.

Jiya aka ɗaura. Alhaji Dabo ya zo, mun gaisa kamar mutanen da suka haɗu a tasha. Wataƙila haka za mu zauna. Naziru ya durƙusa ya gaishe ni, na riƙe hannunsa na ɗaga shi. A walima na ci cokali huɗu na shinkafa mai laushi, na ajiye, kowa na gani. Wani ya kira sabon sunan, na amsa.

An kai Zulai Anka da yamma. Gidan ya yi faɗi.

Talata, 26 ga Mayu, bayan Azahar.

Jiya Baraka ta ce za ta tafi Bukkuyum wurin yayanta ta huta. Na tambaye ta kwana nawa, ta ce ba ta sani ba. Ta ce ba yaji ba ne, amma matan da suka zo biki suna rungumar ta su ne matan gidan sunan nan da aka hana ta ɗaukar jinjiri, kuma ta gaji da yi musu murmushi. Ta ce ni ma tana so ta ɗan daina ganina. Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji.

Da safe na ɗaukar mata jaka zuwa tasha. Ɗan kamashon da ya san mu shekara ashirin ya karɓi jakar daga hannuna bai dube ni sau biyu ba, ya juya wurinta.

"Hajiya, ina Malam Giwa? Ya jikin nashi?"

Ta kalle ni, ta ce masa yana samun sauƙi.

Ta zauna ta bakin taga. Na tsaya a wurin har mota ta cika. Direba ya tada mota, sai ta yafito ni. Ta ce garin kunu na cikin langa a kan kabad, ta nuna wa ƙannen Zulai yadda ake damawa, kada in yarda su yi mini da kauri.

"In ka ji ya tsaya, ka aje cokali, ko gaban wa kake. In na ji ka sake irin ta Anka, ba ni dawowa."

Na ce to. Motar ta fita.